Otel ɗin da na sauki mahaifiyata a Alƙahira, da kwanaki 30 da kuɗina suka yi a ɗaure

Na daɗe ina jinkirta rubuta wannan sharhi, domin otel ɗin da zan yi magana a kansa ya kyautata wa mahaifiyata a lokacin da take fama da jiki, kuma ba na son in saka alheri da ɓatanci. Abin da ya sa na yanke shawarar rubutawa shi ne yawan 'yan uwanmu da ke ɗaukar marasa lafiyarsu daga Kano da Kaduna da Sakkwato zuwa Masar neman magani, waɗanda akasarinsu suke miƙa katin banki a teburin karɓar baƙi ba tare da sun san tsawon lokacin da aka yarje wa ɗan kasuwa ya riƙe kuɗinsu, ko ya sake komawa asusunsu bayan sun bar wurinsa ba. Ba zan ambaci sunan otel ɗin ba, haka nan ba zan ambaci sunan bankina ba, saboda abin da ya same ni yana iya samun kowa a kowane otel da ke karɓar kati, kuma abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba.

Otel ne matsakaici a unguwar Dokki da ke yankin Giza, a gaɓar yamma ta kogin Nilu, inda asibitoci masu zaman kansu da ofisoshin likitoci suka yi yawa, kuma kusancinsa da asibitin da aka tura mu shi ne dalilin da ya sa na zaɓe shi. Ta fuskar masauki ba ni da abin cewa sai yabo. Ɗakin da suka ba mu a kan dala 70 kowane dare yana da gadaje biyu da tsafta, ruwan zafi bai taɓa yankewa ba, kuma na'urar hawa bene tana da faɗin da keken marasa lafiya ke shiga ba tare da an sha wahala ba. Matar da ke gyara ɗakinmu ta lura tun rana ta biyu cewa Hajiya ba ta iya tsayuwa a banɗaki, sai ta kawo mata kujerar roba ta ajiye ba tare da mun roƙa ba, kuma kullum idan ta shigo sai ta tsaya ta gaishe ta da hannu a ƙirji duk da ba sa jin harshen juna. Mai dafa abinci ma, da aka gaya masa likita ya hana Hajiya gishiri, ya riƙa ware mata nata waken da ƙwai a wani kwano daban kowace safiya. Abin da zan iya kushewa a wannan ɓangare kaɗan ne: ƙarar ƙahon motoci ba ta lafawa sai dare ya raba, kuma intanet ɗinsu yana da rauni a saman bene. Da a nan labarin ya tsaya, da na ce kowa ya je ido rufe.

Mun isa otel ɗin wajen ƙarfe goma sha biyun dare, bayan doguwar tsayuwa a filin jirgi. Wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a Jami'ar Azhar, irin waɗanda suke taimaka wa masu zuwa jinya da tafinta, shi ne ya tarbe mu ya rako mu. Ma'aikacin da ke teburin ya karɓi fasfo ɗinmu, sannan ya nemi kati, ya yi wata magana da Larabci wadda ɗalibin ya fassara mini da cewa, "Alhaji, jingina ce kawai, ba cirewa za su yi ba, ranar tafiya za su sake ta." Na miƙa katin asusuna na dala mai ɗauke da tambarin Visa, wanda na buɗe tun a 2022 lokacin da bankunan Najeriya da dama suka dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje. Na danna lambar sirri, na'urar ta fitar da 'yar takarda, kafin in mayar da katin aljihu wayata ta yi ƙara, na duba na ga dala 900 sun fita daga abin da zan iya kashewa. Lissafinsu shi ne dala 700 na kwana goma, da ƙarin dala 200 saboda abinci ko wanki ko wata ɓarna da ka iya faruwa. Hajiya tana zaune a keke tana gyangyaɗi, ni ma idona ya yi nauyi, don haka ban tambayi komai ba, na cusa takardar a cikin fasfo muka hau sama. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma a daren nan haka nake.

Sai daga baya, da wahala ta sa na zauna na bibiyi yadda abin yake, na fahimci cewa biyan kuɗi da kati mataki biyu ne, ko da yake mu masu saye muna ganinsa kamar abu ɗaya. Mataki na farko shi ne neman izini: na'urar ɗan kasuwa ta tambayi bankinka ko akwai kuɗin, banki ya ce akwai, sannan ya ware adadin gefe guda ya hana ka taɓa shi. A wannan lokaci kuɗin bai isa hannun ɗan kasuwa ba, yana nan a bankinka, amma kai ma ba ka da iko da shi. Mataki na biyu shi ne kammala cinikin, wato ɗan kasuwa ya aika da buƙatar a biya shi ta hannun nasa bankin, a nan ne kuɗin ke tashi da gaske. A kanti ko gidan mai matakan biyu suna bin juna kusa da kusa, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ba ma lura da tazarar. Amma kamfanonin kati sun sanya wa wannan tazara iyaka, kuma iyakar ta bambanta gwargwadon irin sana'ar. A tsarin Mastercard, izinin da aka nema a kan tabbataccen farashi yana da kwana 7, shi kuwa izinin share fage, wanda ake nema kafin a san adadin ƙarshe, yana kaiwa kwana 30. A tsarin Visa ma cinikin yau da kullum 'yan kwanaki kaɗan yake da su, amma otel-otel da kamfanonin hayar mota da jiragen ruwa na yawon shaƙatawa an ba su har kwana 30.

Ban ga laifin wannan rangwame da aka yi wa masu otel ba, kuma adalci ne in faɗi haka. Mai otel bai san ko baƙonsa zai ƙara kwana ba, bai san ko zai ci abinci a ɗaki ko zai fasa gilashi ba, kuma baƙon da ya hau jirgi ya koma ƙasarsa ba mai sauƙin bi ba ne. Ko a kasuwanninmu mai ba da hayar kujeru da rumfa yakan karɓi wani abu ya riƙe har a dawo masa da kayansa lafiya. Inda gizo ke saƙar shi ne irin katin da ke hannunmu. Wannan tsari ya girma ne a ƙasashe irin su Amurka, inda matafiyi yakan miƙa katin bashi, wato katin da banki ke ba shi rance da shi har zuwa wata iyaka. Idan otel ya ɗaure dala 900 a kan irin wannan kati, abin da ya ragu shi ne iyakar rancen da mutum zai iya ci, kuɗin aljihunsa yana nan bai motsa ba. Mu kuwa a Najeriya, mafi yawan katunan da ke hannun jama'a, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, katunan cirar kuɗi ne da ke manne da asusun ajiyar mutum kai tsaye. Idan aka ɗaure, guminka aka ɗaure, kuma ga wanda ya sayar da fili ko ya tara gudummawar dangi domin jinya, kwana 30 ba ƙaramin lokaci ba ne. Riga ce da aka ɗinka wa wani aka sanya mana, kuma ma'aikacin da ya karɓi katina bai duba ko wane iri ba ne, balle ya gargaɗe ni.

Ranar da muka cika kwana goma likita ya ce sai mun ƙara mako guda domin a sake ɗaukar hoton ƙashin bayan Hajiya, don haka ɗalibin nan ya samo mana wani ɗan gida na haya mai sauƙin kuɗi, muka shirya barin otel. Lissafinmu ya kama dala 758, kuɗin ɗaki da na 'yan abincin da muka ci. Wata ma'aikaciya ce a teburin a wannan safiya, ta karɓi katin ta sa a na'ura, na sake danna lambar sirri, ta ba ni rasit tana murmushi. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta koma kan izinin nan na daren farko ta kammala shi a kan dala 758, ragowar dala 142 su dawo mini. Maimakon haka sai ta buɗe sabon ciniki fil, aka cire dala 758 daban, dala 900 na farko kuma suna nan a ɗaure ba wanda ya waiwaye su. Ta haka lissafin dala 758 ya cinye mini dala 1,658 daga cikin dala 2,300 da na tanada a asusun. Ƙa'idar kamfanonin katin ba ta bar wannan a buɗe ba, domin ta wajabta wa ɗan kasuwa ya aika da saƙon warware izinin da bai yi amfani da shi ba cikin awa 24 da kammala ciniki. Wa'adin kwana 30 iyaka ce ta ƙarshe ga izinin da ake kan buƙatarsa, ba lasisin mantawa da kuɗin baƙon da ya riga ya biya ya tafi ba. A nan ne otel ɗin ya gaza, kuma gazawar tasu ce, ba ta na'ura ba.

Ban gane girman abin ba sai bayan kwana uku, a wani kantin magani da ke kusa da asibitin. Na riga na biya kuɗin hayar gidan da na hoton, na zo sayen magungunan wata uku da likita ya rubuta mana mu tafi da su gida. Mai kantin ya jera kwalayen a kan tebur, ya sa su a leda, ya karɓi katin, na'urar ta ƙi. Ya sake gwadawa ta sake ƙi, ga mutane a bayana suna jira. Na buɗe manhajar banki a waya sai na ga lambobi biyu da ban taɓa kula da bambancinsu ba: a sama an rubuta jimillar abin da ke asusun, a ƙasa kuma abin da zan iya kashewa, tsakaninsu dala 900 cif. Mai kantin ya zare kwalayen daga ledar ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su kan kanta, ni kuma na fito hannu rabbana. Ɗalibin nan ne, Allah ya saka masa da alheri, ya zagaya wurin abokan karatunsa ya haɗo mana abin da ya sawwaƙa, ni kuma na sa ƙanina ya tura wa iyayensu naira a gida. Da na koma na shaida wa Hajiya, ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "To su da muka biya su hakkinsu, me ya rage kuma da suke riƙe da namu?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, za su saki." Gaskiyar magana ita ce tambayarta ta fi amsata ƙarfi.

Washegari na koma otel ɗin, aka haɗa ni da manajan da ke kula da kuɗi. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo shayi, ya duba kwamfutarsa ya nuna mini cewa dala 758 kaɗai suka shiga asusunsu, wanda kuma gaskiya ne. Ya ce sauran yana hannun bankina, su ne za su saki. Na kira bankina a Najeriya, bayan dogon jira wani ma'aikaci ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mu da ikon sakin kuɗin nan, sai ɗan kasuwan da ya ɗaure ya aiko da saƙon warwarewa, in ba haka ba sai wa'adin ya cika ya faɗi da kansa." Na tambaye shi yaushe ne wa'adin, ya ce kwana 30 daga ranar da aka ɗaure. Na koma wurin manaja da wannan amsa, ya rubuta mini wasiƙa a kan takardar otel ya buga hatimi, yana shaida cewa ba sa bina komai. Na ɗauki hotonta na aika wa banki ta imel, suka amsa cewa sun karɓa kuma suna dubawa, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, da na roƙi manajan ya warware izinin ta na'urar da aka ɗaure shi, wanda aikin 'yan mintuna ne, sai ya kira ma'aikata biyu suka yi ta danne-danne, daga ƙarshe suka ce ba su ga inda ake yi ba. Otel da ke ɗaure kuɗin baƙi kowane dare ya kamata a ce ma'aikatansa sun san yadda ake kwancewa kamar yadda suka san yadda ake ɗaurewa.

A cikin wannan kai-komo na tuna da umarnin da Babban Bankin Najeriya ya bayar a watan Yunin 2020, wanda ya rage lokacin mayar wa mutane kuɗinsu idan ciniki ya samu matsala. Idan na'urar ATM ta bankinka ta cire kuɗi ba ta ba ka ba, a mayar nan take, in kuma hakan ya faskara kada ya wuce awa 24. Idan ta wani banki ce, awa 48. Idan kuwa a na'urar POS ne ko a intanet, awa 72, maimakon kwana biyar na da. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Kantin Kwari ko Sabon Gari ya ji an ce masa, "An cire amma bai shigo mini ba, sai dai ka je bankinka," ya san amfanin wannan umarni, musamman a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira da kowa ya koma kan kati da turawa ta waya. Na kawo wa ma'aikacin bankin wannan hujja, sai ya bayyana mini cewa nawa cinikin bai lalace ba, izini ne da ni kaina na amince da shi da lambar sirrina, kuma yana nan da ransa har wa'adinsa ya ƙare. Na ji zafin amsar, amma na ga tana da ma'ana a bisa tsarin da ake da shi. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar biyan kuɗi da ta fara aiki a watan Janairun 2018 ta taɓa wannan gurbi kai tsaye: ba a ɗaure kuɗin mai kati sai ya amince da takamaiman adadin da za a ɗaure, kuma wajibi ne banki ya saki ba tare da jinkiri ba da zarar an san ainihin abin da za a biya. Irin wannan kariya ce nake fatan mahukuntanmu su rubuta ta ƙarara, tunda mu ne muka fi dogara da katin da ke taɓa kuɗin mutum na kansa.

Kuɗin sun dawo a rana ta 30 da isarmu otel, wato kwana 20 bayan mun biya mun fita, lokacin har mun koma Kano Hajiya ta fara takawa da sanda. Ba saƙo, ba neman afuwa daga kowane ɓangare. Na buɗe manhaja da safe ne kawai na ga lambobin nan biyu sun daidaita.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Kwana 52 bayan barinmu otel ɗin, ina dawowa daga sallar asuba, saƙo ya shigo cewa an cire dala 46 daga katin, da wani suna na Turanci da ban gane ba da kalmar Giza a ƙarshensa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne 'yan damfara sun samu lambobin katin, don haka nan take na toshe shi ta waya, na je banki da hantsi na cika takardar neman sabo, na biya kuɗinsa, na kuma yi mako guda ba ni da katin dala. Sai da ma'aikaciyar banki ta buga mini takardar bayanan asusu muka kwatanta, muka ga sunan ɗaya ne da wanda ya fito a cinikin dala 758, wato sunan kamfanin da ya mallaki otel ɗin, wanda ya bambanta da sunan da ke rubuce a jikin ginin. Na aika musu da imel, bayan kwana biyu suka turo takardun shaida: wankin kaya sau biyu da abincin daren ƙarshe da aka kawo mana ɗaki, duk da sa hannuna a kai, waɗanda ba su kai ga shiga lissafi ba lokacin da muka fita.

Bashi ne na gaskiya kuma na ci, ba na musun ko sisi a ciki. Da na bincika kuma na ga ba su wuce gona da iri ta fuskar lokaci ba, domin ƙa'idar Visa ta ba otel da kamfanin hayar mota damar cire irin waɗannan kuɗaɗe da suka biyo baya cikin kwana 90 daga ranar da baƙo ya fita ko ya mayar da mota. Wannan ne ya sa mutumin da ya yi hayar mota a Dubai ko Landan yakan ga an cire masa tarar gudu ko ta ajiye mota ba daidai ba wata biyu bayan ya dawo gida. Sai dai kasancewar abu cikin wa'adi bai wanke yadda aka yi shi ba. Suna da imel ɗina da lambar wayata, sun ma turo mini saƙon neman in yaba musu a intanet kwana biyu bayan tafiyarmu. Layi biyu na sanarwa kafin su taɓa asusun da sun hutar da ni daga firgita da toshe kati da zirga-zirgar banki. Akwai kuma wata illa da ni ta tsallake ni saboda asusuna na dala ne, amma za ta sami mai katin naira, yanzu da wasu bankuna suka dawo da amfani da shi a waje tun tsakiyar 2025: ana lissafa canji ne da farashin ranar da aka cire kuɗin, ba na ranar da ka ci abincin ba. Wanda ya tuna yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023 zuwa sama da naira 1,500 a watan Fabrairun 2024 zai gane abin da jinkirin wata biyu ko uku zai iya jawo wa mutum a irin wancan yanayi.

Mai kati ma yana da nasa wa'adin, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi kamata mu riƙe. Idan aka cire maka kuɗin da ba ka yarda da shi ba, ko aka cire sau biyu, ko ka biya ba a kawo kaya ba, kana iya neman bankinka ya ƙalubalanci cinikin ta hanyar kamfanin katin, kuma a mafi yawan irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe Visa da Mastercard suna ba da kwana 120 ne. A Amurka wata doka ta 1974 ta ba mai katin bashi kwana 60 daga ranar da aka aiko masa da takardar lissafi ya rubuta ƙorafinsa. A nan gida kuwa, tsarin Babban Banki shi ne ka fara kai kuka bankinka ka karɓi lambar shaidar ƙorafi, idan makonni biyu suka wuce ba a warware ba sai ka ɗaukaka zuwa sashensa na kare hakkin masu hulɗa da bankuna. Waɗannan kwanaki suna tafiya ko ka sani ko ba ka sani ba, kuma mutumin da ba ya duba asusunsa sai zai yi wata tafiyar yana iya farga bayan ƙofa ta rufe. Ya kamata kuma a fahimci cewa ƙarewar wa'adin ɗan kasuwa ba ta kashe bashi. Abin da ya rasa shi ne tabbacin karɓa ta hanyar katin, amma hakkinsa yana nan a wuyan wanda ya ci, a shari'ance da kuma tsakanin mutum da Ubangijinsa. Da otel ɗin ya rubuto mini bayan shekara guda yana neman dala 46 ɗinsa, da na biya. Abin da nake nema shi ne su ma su ɗauki kwanakin da kuɗina suka yi a hannun tsarinsu da irin wannan nauyi.

Idan aka tambaye ni ko zan sake sauka a wannan otel, amsata ita ce zan sauka, domin samun wurin da ake tausaya wa tsohuwa marar lafiya a ƙasar da ba taka ba abu ne mai daraja, kuma ban ga alamar niyyar cuta a tare da su ba, sakaci na gani da ƙarancin horo. Amma ba zan sake miƙa katin da kuɗin jinya ke ciki a matsayin jingina ba. Zan ba da jinginar a tsabar kuɗi in karɓi rasit mai hatimi, ko in yi amfani da wani katin da na zuba wa daidai abin da na yarda a ɗaure. Ranar fita kuma ba zan bar teburin ba sai an nuna mini cewa izinin farko aka kammala, ko a ba ni 'yar takardar da na'ura ke fitarwa idan an warware shi, tare da lissafin ƙarshe da ke nuna ba a bina komai, bayan an tuntuɓi sashen wanki da na abinci a gabana. Takardun nan duka zan adana su har wata huɗu su wuce, domin 'yar takardar daren farko da na cusa a fasfo ita ce kaɗai hujjar da ta nuna lambar izinin da ranar da aka ɗaure kuɗin, kuma rubutun irin wannan takarda yakan dushe, gara a ɗauki hotonta tun tana sabuwa.

Likita ya ba Hajiya lokacin komawa a duba ta nan da 'yan watanni, don haka na rubuta wa manajan na zayyana masa duk abin da ya faru, tun daga kantin magani har zuwa saƙon asuba, na kuma gaya masa sharuɗɗan da zan dawo a kansu. Ya amsa da neman afuwa, ya ce sun amince in ba da jinginar dala 200 a hannu, kuɗin ɗaki kuma in biya ranar fita a ciniki ɗaya. Na buga wannan amsa tasa a takarda na ajiye ta tare da fasfo ɗin Hajiya, domin in nuna wa duk wanda na tarar a teburin a daren da za mu isa.